Darasi na Bakwai: Zaɓen Sifika da Daidaita Amo a Na'urar Kwaikwayon Amfilifayar Jita

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana aikin da na'urar kwaikwayon amfilifaya take yi;
2. bambance sifikar jita da sifikar da ke fitar da kowane irin sauti;
3. sanin lokacin da ake kunna kwaikwayon akwati da lokacin da ake kashe shi;
4. karanta lambobin wat, om da desibel kafin ya biya kuɗin sifika;
5. daidaita amon da zai fito raɗau a cikin taro ba tare da ya cuci kunnuwa ba.

1. Abin da na'urar take kwaikwaya

Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata murya ta a zo a gani. Idan aka taɓa tsirkiya ta girgiza, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta yakan mayar da girgizar ta zama siginar lantarki mai rauni ƙwarai. Kafin wannan sigina ta kai kunnen mai sauraro a babban taro, tana ratsa zango huɗu. Na farko shi ne sashen gaba na amfilifaya, inda amo ke samun launinsa. Na biyu sashen ƙarfi, wanda ke tura sifika. Na uku akwatin sifika. Na huɗu makirufon da aka kafa a gaban akwatin.

Amfilifayoyin da suka yi suna a duniya, irin su Fender Twin Reverb na Amurka da Vox AC30 da Marshall na Ingila, da bawul suke aiki, wato waɗansu ƙananan kwalaben gilashi masu ɗaukar zafi. Amonsu yana da daɗi, amma ga tsada ga nauyi. Twin Reverb kaɗai ya kusa kilo 30, kuma bawul yana tsufa ya mutu. Wannan ya sa injiniyoyi suka koya wa kwamfuta ta kwaikwayi duk zangunan nan huɗu da lissafi. Kamfanin Line 6 ya fito da POD a 1998, Fractal Audio ya fito da Axe-Fx a 2006, Kemper na Jamus ya biyo a 2011, Helix ya zo a 2015. Yau akwai masu sauƙin kuɗi na Zoom, Boss, NUX, Mooer da Valeton, waɗanda suke shiga jakar goyo.

A yankinmu ma jita tana da gida. Kiɗan jitar Abzinawa na Agadas ya kai Bombino da Mdou Moctar manyan dandamali a Turai da Amurka, kuma ƙungiyoyin kiɗa na coci-coci a Jos, Kaduna da Sabon Garin Kano ba sa rabuwa da ita. Ga makaɗin da ke ɗora kayansa a babur zuwa wajen biki, na'ura mai kilo biyu ko uku babban rangwame ce.

> AKWATIN MA'ANA
> Makwaikwayi: na'urar da ke kwaikwayon amfilifaya, akwatin sifika da makirufo ta hanyar lissafin kwamfuta.
> Amo: launin sauti, wato abin da ke sa a ce wannan jita tana da kauri, waccan tana da kaifi.
> Hz: ma'aunin yawan girgiza a cikin sakan ɗaya. Ƙaramar lamba sauti ne mai kauri, babbar lamba sauti ne siriri.

Ku riƙe abu guda tun yanzu: mafi yawan makwaikwaya ba su da sashen ƙarfi na gaske. Sigina kawai suke fitarwa. Idan kuka haɗa makwaikwayi kai tsaye da akwatin da ba shi da amfilifaya a cikinsa, ba za ku ji abin kirki ba.

2. Sifikar jita ba kamar sauran sifikoki ba ce

Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Sifikar jita kuwa da gangan aka ƙera ta ta kasa kai wa can. Ɗauki Vintage 30 ta kamfanin Celestion na Ingila, wadda ta fito a 1986 kuma tana cikin akwatuna bila adadin: faɗinta inci 12, aikinta kuma daga 70 Hz zuwa 5,000 Hz ne. Abin da ya haura haka sai ta danne shi.

Me ya sa wannan gazawa ta zama alheri? Saboda gurnani. Idan makaɗi ya murɗa maɓallin Gain sama, amfilifaya yana matse sigina har ta yi gurnani, kuma wannan matsi yana haifar da ɗimbin sirarran sautuka a sama da 5,000 Hz. Ziza ce mai soka kunne, babu wanda ke son ta. Sifikar jita tana aiki kamar rariya a hannun mai tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Abin da muke kira daddaɗan amon Marshall ko na Vox, rabinsa aikin wannan tankaɗe ne. Shi ya sa idan kuka bar amfilifaya ɗaya kuka sauya masa akwati, amo yakan canja fiye da yadda zai canja idan kun bar akwatin kun sauya amfilifaya. Masu koyo da yawa suna ɓata sa'o'i suna tsalle daga wannan amfilifaya zuwa wancan a cikin na'ura, alhali matsalar tana akwati.

Sifikar taro kuma, irin wadda ake haya a biki ko ake kafawa a coci, burinta daban ne. Tana da babbar sifika ta kauri da ƙaramar sifika ta kaifi, domin ta fitar da murya, ganga, piyano da komai yadda aka ba ta, ba ragi ba ƙari. Ba ta tankaɗe komai. Saboda haka idan za a tura mata jita, tilas a yi tankaɗen tun a cikin makwaikwayi.

> AKWATIN MA'ANA
> Gurnani: kaushin da amo ke yi idan an matse sigina da gangan.
> FRFR: sifika mai amfilifaya a ciki, wadda ke fitar da sauti tun daga kauri har kaifi ba tare da ta ƙara masa launinta ba. Sifikar taro mai kyau da sifikar situdiyo duk dangi ɗaya ne da ita.
> Kwaikwayon akwati: sashen da ke cikin makwaikwayi mai yin aikin sifikar jita da makirufonta. A allon na'ura za ku ga an rubuta Cab.
> IR: ƙaramin fayil da ke ɗauke da amon wani akwati na gaske. Ana tura sautin gwaji ta cikin akwatin, a ɗauka da makirufo, a adana sakamakon.

3. Ƙa'idar akwati ɗaya

Tsakanin jita da kunne, akwatin jita ɗaya tak ake so. Ko na gaske, ko na kwaikwayo. Idan babu ko ɗaya, ziza za ta cika wuri. Idan sun zama biyu, an tankaɗe sau biyu ke nan, amo ya toshe ya yi dushi-dushi. Wanda ya gane wannan ƙa'ida ya warware mafi yawan koke-koken da ake yi a kan makwaikwaya.

Daga nan hanyoyin haɗi suka rabu. Idan kuna zuwa miksa, ko FRFR, ko sifikar situdiyo, ko hedifon, ku kunna Cab. Idan kuna da amfilifayar ƙarfi da akwatin jita na gaske, ku kashe Cab. Haka nan idan kuna amfani da tsohon amfilifayar jita mai sifika a jikinsa.

*Misali na ɗaya.* Wani makaɗi yana wasan biki a Agadas da tsohon amfilifaya mai sifika ɗaya. Ya sayi makwaikwayi, ya cusa wayarsa a ramin Input na gaba, ya zaɓi amon Marshall da akwatinsa. Sauti ya fito a toshe, ganguna suka binne shi. Mu ƙirga: sashen gaba biyu ne, na na'ura da na amfilifaya, akwati ma biyu ne. Gyara shi ne ya leƙa bayan amfilifayar. Idan akwai ramin da aka rubuta Return, can zai sa wayar, domin wannan rami yana tsallake sashen gaba ya shiga sashen ƙarfi kai tsaye. Sannan ya kashe Cab. Idan babu Return, ya kashe kwaikwayon amfilifaya da na akwati duka, ya bar ƙananan kayan ado irin su amsa-kuwwa da fedar gurnani, ya shiga ta Input yadda aka saba.

*Misali na biyu.* Wata mai kaɗa jita a coci a Jos ba ta da amfilifaya sam. Ta haɗa makwaikwayinta da miksa ta wayar XLR mai ƙafa uku, wadda ta fi jure doguwar tafiya ba tare da kwasar hayaniya ba. Gurnaninta ya fito da ziza har mawaƙa suna yamutsa fuska. Da aka duba, Cab a kashe yake. Ana kunna shi zizar ta kwanta.

Wace hanya ta fi? A nan akwai wani abu da ke ba mutane haushi a ranar farko da FRFR, kuma ya kamata ku san dalilinsa. Wanda ya saba da akwatin gaske yana ajiye shi a ƙasa, ya tsaya a gabansa ko a gefe. Sirarran sautuka a miƙe suke fita daga tsakiyar sifika, don haka gwiwoyinsa suke bugu, ba kunnuwansa ba. Abin da yake ji shi ne gefen sautin, haɗe da abin da bango da daɓe suka dawo masa da shi: mai taushi, mai cika ɗaki. Makirufo kuwa, irin Shure SM57 da ake gani a kusan kowane dandamali, bakinsa yana dab da fuskar sifika. Abin da yake ɗauka ya fi kaifi, ya fi fitowa dalla-dalla. Kwaikwayon akwati amon makirufon nan yake ba ku, wato irin amon da kuke ji a faifai. Sai makaɗi ya ce na'ura ba ta da rai. Na'ura lafiyarta ƙalau, wurin tsayuwar kunne ne ya canja.

Shawarata ita ce, duk wanda mafi yawan wasansa ta miksa yake bi, ya daure ya saba da FRFR ko da sifikar taro mai kyau, domin abin da yake ji shi ne abin da jama'a ke ji. Wanda kuma yake wasa a ƙananan wurare, inda akwatinsa ne kaɗai ke kai sauti ga mutane, ya riƙe akwatin gaske, zai fi jin daɗin hannunsa. Kuma kada rubutun FRFR a jikin kwali ya ruɗe ku. Kowace sifika tana da ɗan launinta. Ku tafi shago da jitarku da na'urarku, ku gwada da ƙarfi, ku kuma saka wata waƙa da kuka haddace amonta. Mai shagon da ya hana gwaji, ku ƙara gaba.

4. Lambobin da ke bayan sifika

Mai saye yakan fara tambayar wat nawa ce. Tambayar ba ta wadatar ba.

> AKWATIN MA'ANA
> Wat: ƙarfin lantarkin da amfilifaya ke bayarwa, ko wanda sifika za ta iya ɗauka.
> Desibel, dB: ma'aunin ƙarar sauti.
> Kuzarin sifika: ƙarar da sifika ke yi idan an ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1.
> Om: ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wutar amfilifaya. An fi samun 4, 8 da 16.

Ninka wat sau biyu yana ƙara 3 dB ne kacal. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, ana bukatar kimanin 10 dB, wato wat ya ninka sau goma. Amfilifaya mai wat 100 bai ninka mai wat 50 a ƙara ba, ɗan kaɗan ya fi shi.

*Misali na uku.* Ga sifika biyu. Ta farko kuzarinta 100 dB ne, kamar Vintage 30. Ta biyu 97 dB. Ta farko da wat 1 tana ba da 100, da wat 2 tana ba da 103, da 4 sai 106, da 8 sai 109, da 16 sai 112, da 32 sai 115. Ta biyu a baya take da 3 dB a kowane mataki, saboda haka sai an ba ta wat 64 kafin ta kai 115. Bambancin lamba uku a takarda ya zama ninkin amfilifaya a aljihu.

Batun om ya shafi masu akwatin gaske ne, kuma sakaci a nan yana ƙona kaya. Idan aka jona akwatuna biyu masu om 8 a ramuka biyu na bayan amfilifaya, yawanci jimillarsu om 4 ce. Biyu masu om 4 kuma sun zama om 2. Idan an rubuta a bayan amfilifaya cewa mafi ƙarancinsa om 4 ne, haɗin farko daidai ne, na biyu zai sa ya yi zafi ya mutu. Amfilifaya mai bawul kuwa kada a taɓa kunna shi babu sifika a haɗe.

5. Daidaita amo

A 1933 masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kowane sauti daidai wa daida. Idan ƙara tana ƙasa, kunne ya fi kama sautukan tsakiya, kauri kuma ya ɓace masa. Idan ƙara ta tashi, kauri da kaifi sukan taso su cika wuri. Ga yadda abin yake cin makaɗa. Mutum yana ɗakinsa da dare, ya rage ƙara don kada ya tashi yara. Ya ji amo ya yi siriri, sai ya ƙara Bass, ya ƙara Treble, ya rage Middle. A ɗaki abin ya yi daɗi. Ranar wasa aka buɗe ƙara, kaurin ya koma gunji, kaifin ya koma tsinke a kunne, tsakiyar da jita ke rayuwa a cikinta kuma babu ita. Ya ƙara murya, mai ganga ya ƙara, mai piyano ya ƙara, har yanzu ba a jin jita.

Magani ɗaya ne: ku daidaita amo a ƙarar da za ku yi wasa da ita, a kan sifikar da za ku yi wasa da ita, in da hali tare da abokan kiɗa. Amon da aka gina a hedifon ba a yarda da shi sai an gwada shi a fili.

Wajen aikin, ku fara da zaɓen akwati kafin amfilifaya. Ku gwada uku ko huɗu, ku tsayar da ɗaya, ku daina dube-dube. Idan na'urarku tana ba da damar matsar da makirufo, ku sani tsakiyar sifika kaifi ne, gefe taushi ne, matsowa kusa kuma yana ƙara kauri. Gyara da makirufo ya fi gyara da maɓallai fitowa da kyau. Daga nan ku zaɓi amfilifaya, ku ajiye Bass, Middle da Treble a tsakiya, ku riƙa taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya. Gain kuma ku kai shi inda kuke so, sannan ku ɗan dawo da shi baya. Gurnanin da ya yi yawa yana cinye bugun yatsa, ya haɗe tsirkiyoyi su zama dunƙule ɗaya, kuma salon da ya dogara da saurin yatsu, kamar na Agadas, shi ya fi cutuwa da haka.

Sai yanka biyu da kusan kowane makwaikwayi ke da su. Tsirkiya mafi kauri a jita tana girgiza a 82 Hz. Abin da ke ƙasa da haka filin jitar bes ne, wadda ke sauka har 41 Hz, da babbar ganga. Ku sa Low Cut tsakanin 80 da 100 Hz ku bar musu filinsu. High Cut kuma ku fara shi daga wajen 8,000 Hz, ku riƙa saukowa har ziza ta tafi. Amo mai gurnani yakan zauna tsakanin 6,000 da 7,000. Idan kun wuce gona da iri za ku ji ya toshe, sai ku koma sama kaɗan. Waɗannan lambobi mafari ne, kunne ke yanke hukunci.

Amsa-kuwwa da maimaici su ne na ƙarshe. Babban zaure mai siminti da rufin kwano yana da tasa amsa-kuwwar, don haka ku rage taku. A filin Allah kuwa, inda babu bango, kuna iya ƙarawa.

Inda aka ajiye sifika ma yana canja amo. Kusa da bango kauri yana ƙaruwa, a kusurwa ya fi ƙaruwa. Kafin ku zargi na'ura, ku janyo sifikar daga bango da taku biyu, ko ku ɗora ta a kan sanda. Idan na'urarku tana da Looper, ku ɗauki ɗan gajeren kiɗa ya riƙa maimaita kansa, ku ajiye jita, ku taka har ƙarshen zaure ku saurara daga inda jama'a za su zauna. Idan kuna gwada amo biyu, ku daidaita ƙararsu tukuna, domin kunne kullum yana zaɓen wanda ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba.

Kunnen da kuke wannan aiki da shi ba shi da kayan gyara a kasuwa. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar 85 dB na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu: 88 dB awa 4, 91 dB awa 2, 100 dB minti 15. Idan kun tashi daga gwaji kunne yana ƙara, kun wuce iyaka. Ku sayi abin toshe kunne na makaɗa, ku kuma riƙa hutawa a tsakanin gwaji.

6. Wuta da ƙura

Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230, ta Amurka 120. Kafin ku jona kayan da aka kawo daga waje, ku karanta jikin adafta. Idan an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Idan 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma. Makwaikwayi kwamfuta ce, wutar janareto mai hawa da sauka tana iya kashe ta a tsakiyar wasa, don haka sitabilaiza tana cikin kayan aiki. Idan kun ji gunji mara yankewa bayan haɗi da miksa, ku gwada maɓallin Ground Lift in akwai, amma kada ku karya ƙafa ta uku ta fulogi, ita ce ke kare ku daga jan wuta. Lokacin hunturu ku rufe na'ura da ƙyalle bayan wasa.

Tambayoyin bita

1. Lissafa zanguna huɗu da siginar jita ke ratsawa kafin ta kai ga mai sauraro a babban taro.
2. Me ya sa sifikar jita take danne sautukan da suka haura 5,000 Hz, kuma mene ne amfanin hakan?
3. Faɗi ƙa'idar akwati ɗaya da kalmominka. Me ke faruwa idan akwati ya zama biyu? Idan babu ko ɗaya fa?
4. Makaɗi ya sa makwaikwayinsa a ramin Return na amfilifayar jita. Ya kunna Cab ko ya kashe? Kawo dalili.
5. Me ya sa amon FRFR yake bambanta da na akwatin gaske a kunnen wanda ke tsaye a gabansa?
6. Sifika mai kuzarin 98 dB ta sami wat 16. Desibel nawa za ta ba da a nisan mita 1? Nuna lissafinka.
7. An rubuta mafi ƙarancin om 8 a bayan amfilifaya. Za a iya jona masa akwatuna biyu masu om 8 a ramukansa biyu? Akwatuna masu om nawa suka dace?
8. Minti nawa mutum zai iya zama a ƙarar 94 dB bisa ma'aunin NIOSH?

Aikin gida

Ku gina amo ɗaya a gida da ƙaramar murya, ku adana shi. Ku je wurin gwaji ku gina wani a ƙarar wasa, da amfilifaya da akwati iri ɗaya. Ku rubuta inda Gain, Bass, Middle, Treble da yanka biyun suka tsaya a kowannensu. Wanda ba shi da na'ura ya haɗa kai da wanda yake da ita. Ku zo da takardunku da jitarku darasi na gaba, za mu saurari amon kowa a aji.